Shekarar da Ya Ga Shamuwa

Kai da kake cewa garin nan ba abin kallo a cikinsa, ajiye wayar nan ka ji. An yi wani manomi da ya shekara ashirin bai ga bazara a ƙofar gidansa ba. Da an kai amfanin gona gida sai ya naɗe tabarma ya tafi birni cin rani, ba ya juyowa sai labari ya iske shi cewa ruwa ya sauka. Kafin ya haɗa kaya, ya sami mota, ya iso, laima ta gudu, geron maƙwabta har ya tsiro. Sai ya jira ruwa na biyu, wata shekarar na uku. Damina ta ɗauke geronsa bai gama ƙosawa ba, rumbunsa ya ƙare tun kaka tana nesa. Yau ya ce ƙasar ce ta gaji, gobe ya ce irin ne ba kyau. Matarsa dai sai ta ƙara wa kunu ruwa.

Wata shekara, ana jibi zai tafi, ya hau gyaran rufin rumbu ya faɗo ya karye a ƙafa. Aka ɗora, ɗorin ya goce, aka sake. Abokan tafiyarsa suka wuce suka bar shi a kan tabarma, gindin darbejiyar ƙofar gida, yana ta tsaki kamar wanda aka ɗaure a turke. Sanyi ya wuce yana nan, zafi ya shigo yana nan. Wata safiya matar ta kawo masa kunu, sai ya ga wasu 'yan fararen furanni suna faɗowa cikin kwanon, ga wani ƙamshi ya cika wurin. Ya ce, "Wai gidan wa ake turare da sassafe haka?" Ta ce, "Malam, ɗaga kanka. Bishiyar da ka dasa ce shekarar da aka haifi babbar 'yarka. Kowace bazara haka take yi, kai ne dai ba ka nan."

Daga ranar ya daina tsaki ya fara kallo. Ya ga ɗorawar bakin hanya ta rataye jajayen furanninta, ƙudan zuma sun yi mata caa. Ya ga tsohuwar kukar bayan gida, wadda ya ɗauka ta kusa mutuwa, ta fitar da sabon ganye ba tare da ɗigon ruwa ya taɓa ta ba. Ya ga kurciya biyu suna faɗa a kan tsinke ɗaya, ya yi dariya har ƙafar ta motsa. Maƙwabta suka fara yaɓen soro da gyaran indararo, iska ta juya, dare ya yi nauyi. Sai ran nan da hantsi ga shamuwa ta sauka kan tsamiyar masallaci da kara a baki, wata ta biyo ta, kafin la'asar sun cika reshe. Matar ta tsaya a bakin zaure da taɓarya a hannu ta ce, "Ga masu kawo maka saƙo duk shekara. Su iske ka ne ba sa yi."

Washegari ya dogara sanda ya ɗingisa zuwa gona, ya iske gawon tsakiyarta ya fara zubar da ganye. Ya share gonar kaɗan-kaɗan, ya kai taki a jaki, ya sussuke iri ya ajiye a ƙwarya, ya sa wa sungumi sabuwar ƙota. Ranar da hadari ya taso daga gabas aka sheƙa ruwa, shi ba abin da ya rage masa. Gari na wayewa yana gaba yana sara yana jan ƙafa, matar na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Sai bayan kwana tara abokansa suka sauko daga mota da ƙunshin kayansu, suka iske geronsa ya yi kore layi-layi. A shekarar nan rumbunsa ya kai su har sabon gero, kunu kuma ya yi kauri.

Bai daina cin rani ba, ba rago ba ne. Amma tun daga lokacin, kafin darbejiya ta yi fure yana gida. Ya shimfiɗa tabarmarsa a gindinta, ya shafa inda ƙafar ta karye, ya ce Alhamdulillahi, Allah bai bar shi ya mutu baƙo a ƙofar gidansa ba. Shekara ashirin yana jiran a faɗa masa abin da tsuntsu da itace suke nunawa a fili. Shi ya sa Hausawa suka ce, gani ya kori ji.