Mai Ƙosai da Ƙwaya Ruwan Ɗorawa

"Na ce miki shi ne!"

"Yaya, na da fari ne. Wannan kuwa kamar an tsoma shi a kwaiduwa."

"To shi magani ba ya sake riga?"

Haka wata mai ƙosai da ƙanwarta suka wayi gari suna yi a bakin kasko. Ita mai ƙosan ƙafafunta ne suka kumbura har silifa ya ƙi shiga, likita ya rubuta mata ƙwayar da ke sa fitsari don ruwan ya sauka. Ta shanye na farko ta ji daɗi. Da ta koma karɓo na biyu, sai aka ba ta mai suna iri ɗaya, amma launinsa ruwan ɗorawa. Ita ko a jikinta. Ƙanwar ce ta kasa sakewa, domin ba ta manta ranar da yayar ta sha wani lemon kwalba mai irin wannan launi a gidan suna ba: leɓe ya haye kamar ta sumbaci rina, numfashi ya riƙa yi mata gardama, har likita ya ja mata kunne da ta guji wannan rini duk inda ta gan shi. Ta nemi 'yar takardar da ke cikin kwalin, ashe tuni yayar ta naɗe wa wani mai acaɓa ƙosai da ita. Sai da ta bi shi har bakin titi, ta jira ya cinye, ta karɓo ta sharkaf da mai.

Ta tasa yayar a gaba, tana tafe tana mita, har wurin mai ba da magani a asibiti. Mutumin ya gyara tabarau, ya ɗaga takardar saitin taga, ya bi ƙananan rubutun da ɗan yatsa. Ya ce ƙwaya kamar ƙosai ce: akwai wake, wanda shi ne abin da ake nema, akwai kuma su albasa da attaruhu da kowace mai suya ke zuba nata. Sinadarin da ke sauke ruwan ɗaya ne a duka biyun, amma cikin kayan haɗin wannan kamfani har da rinin nan da ya taɓa shaƙe yayar. Ya karɓe, ya miƙo mata fara. Ƙanwar ta sauke ajiyar zuciya. Mai ƙosai ta juya sabon kwalin a hannu, ta taɓe baki, ta ce, "Yanzu duk wannan tafiyar a kan launi? Ai da sai in rufe ido in haɗiye."



Saboda haka idan an miƙo maka magani, kada ka tsaya a sunan da ke goshin kwali. Sauka ƙasa, a karanta maka har abin da aka cuɗa shi da shi. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ne.