Sai da Ya Warke

"Likita ya ce na warke tas," in ji saurayina, yana miƙo min zoben alkawari a bayan ɗakin karatu. 

Warkewar nan tasa aikina ne. Ni na riƙa zubar da kwalaben maganin tarin da yake ɓoyewa cikin takalmansa. Na share amansa, na kwafe masa darussa, na sha zagi. Ƙawayena suka ce so ya rufe min ido.

Shansa ya yi muni ne bayan rasuwar abokin ɗakinsa, Dogo. Cikin maye ya faɗa min komai. Shi ya koya wa Dogo sha. Ranar da Dogo ya faɗi yana kumfar baki, tsoron kora daga makaranta ya sa ya kulle Dogo a ɗaki ya tafi aji. Ko ta'aziyya bai je ba.

"Yanzu kana tuna ranar sosai?" na tambaye shi.

"Kullum. Ke kaɗai ke rage min zafin."

"Madalla."

Na mayar masa da zoben, na buɗe wayata na nuna masa. Hoton Dogo ne, ya goya ni ina ƙarama.

"Yayana ne. Uwa ɗaya, uba ɗaya."

Ya ƙura wa hoton ido. "To me ya sa kika cece ni?"

"Kwalba tana sa ka manta da shi. Ni kuwa so nake ka tuna shi da hankalinka garau, kai kaɗai, har ka tsufa."