Dalma a Cinyar Barewa

Wani yammaci a gidanmu na Mallawa, Inna na yanyanka barewar da Baba ya harbo, sai wuƙa ta yi ƙas a cinya. Ta zaƙulo 'yar dalma kamar ƙwayar dawa, tsoka ta rufe ta tuntuni.

Yaya Sani, mai nacin a ba shi bindiga, kullum cewa yake ƙaramin harsashi ya fi gudu. Baba ya ɗora masa dalmar a tafin hannu.

"Ga mai gudun naka. Wani ya harba, ta shiga, ba ta kashe ba. Baiwar Allah ta sha ɗingishi."

"To Baba, yaushe za ka ba ni?"

"Ranar da ka fara jin tausayinta."

Har yau muryar na kunnena, ba faɗa cikinta. Yaya bai ƙara tambaya ba.