Dokin Ƙofa

Ƙarfe goma na safe, ruwan da ya tsuge a unguwar Bariga tun asuba bai ɗauke ba. Jami'in lasisi na tsaye tsakar ɗaki, ruwa iya idon sawunsa, yana rubutu.

"Gidan da ruwa ke shiga bai dace da riƙon tsofaffi ba," in ji shi. "Kwana bakwai, ki nema musu wani wurin."

Matar gidan ta sauke tsohuwar da ta goyo a kan tebur. Tsofaffi huɗu take riƙo, kuma shekara tara ko ɗigo bai taɓa shigo musu ba.

"Oga, wa ya ce in fasa dokin ƙofar nan? Ba kai ba ne, da wannan biron naka? Wai keken guragu ba ya haurawa! Duk layin nan, gidan uban wa ka gani babu tudu a ƙofa?"

"Doka ce, Mama."

"To dokar ta zo ta kwashe ruwan mana! Ina zan kai su?"

"Gidansa," in ji wani tsoho daga kan gado. "Da gani ɗan bene ne."

Jami'in ya naɗe wando, ya fita. Ta tsaya bakin ƙofa tana huci, tana kallonsa ya doshi wata kwata marar murfi da ruwa ya shafe. Saura taku biyu.

"Kai, mai doka! Bi ta hagu."

Ya karkata hagu, ko waiwaye bai yi ba.