Gwajin Ƙararrawa

Allon kwamfutar ya sake yin ja. Injiniyar ta ja tsaki, ta ture kofin shayinta da ya huce tuntuni.

Kamfaninsu na'urar taimakon numfashi yake ƙerawa, irin wadda ake kai wa mara lafiya gida. Kafin manhaja ta shiga na'ura, akwai wani ɗan kayan haɗi da suke kira fulogin, shi ke gwada ta. Shekara da shekaru kore yake nunawa. Tun da aka sabunta shi sai ja, kuma kullum a wuri guda: gwajin ƙararrawa, wadda ke kuka in bututun numfashi ya zame.

Oga ya leƙo. "Ki mayar mana da tsohon mu huta mana. In kayan nan ba su fita ba, ni da ke kashinmu ya bushe."

"Sai na ga abin da suka ɓata tukuna, Oga."

Wayarta ta yi ƙara. Auta ne, ƙanenta. Ta kife ta a kan tebur, ranta a ɓace. Tun rasuwar Mama bara ba ta ɗaga masa. Ita ta kawo kayan jinya kaf, mafi kyau da hannunta ya kai, shi kuwa zama kusa da gado kawai aka ce ya yi. Wai daren da ta cika bai ji komai ba! A gaban dangi ta ce masa maƙaryaci, barci ne ya kwashe shi.

Ta jera tsohon fulogin da sabon, ta bi su layi bayan layi. Ɓarna take nema a sabon, amma ina, tsaf yake. Bambancin ɗaya ne tak. In gwaji ya daɗe bai amsa ba, tsohon tsallake shi yake yi, ya rubuta an ci. Sabon kuwa tsayawa yake ya jira, in bai ji amsa ba ya ce an faɗi.

Ta miƙe. Ta sauko da na'ura ɗaya daga kan kanta, cikin waɗanda aka daɗe ana sayarwa, ta kunna. Ta zare bututun a hankali, yadda zai zame daga fuskar mai barci. Ta kasa kunne. Ta jira, ta ƙara jira.

Na'urar ba ta ce uffan ba, kamar 'yar'uwarta wadda injiniyar da kanta ta ɗora a gefen gadon Mama, ranar da Auta ya yi ta rantsuwa idonsa biyu.