Motar Mutaru a Bayan Aji

Masta Buraima ya taɓe baki da ya ga Azaratu tana hamma a bakin layin gudu. Wannan ce za ta tare wa 'yarsa hanya? Yarinyar da uwarta ke sayar da shinkafa da wake a tashar Race Course, ɗakinsu na katako manne da inda ake lodin motocin arewa? Ido ja wur, takalmin ma na aro.

Sai dai ranar Alhamis da ƙyar 'yarsa Nusrat ta riga ta. Asabar kuma za a yi zagayen ƙarshe na mita ɗari huɗu, kuma ta ɗaya kaɗai za a ba gurbin karatu kyauta.

Kamar yadda aka saba, makarantar su Azaratu ta killace 'yan wasanta tun Talata, katifu a ƙasa, a wani aji can cikin lungun Dichemso inda ko akuya ba ta kuka. Shi kuwa Masta shekara ashirin yana koyar da wasanni, ya san abin da rashin barci ke yi wa ƙafa. Ranar Juma'a ya ƙwace wayar Nusrat, ya kwantar da ita tun bayan isha'i. Sannan ya kira surukinsa Mutaru, mai wata tsohuwar bas da hayaƙinta ya fi gudunta.

"Ka kai ta bayan ajin da su Azaratu ke kwana. In an tambaya, ka ce ta lalace."

Mutaru bai ba shi kunya ba. Inji, ham, guduma, rediyo, har asuba.

Da safe aka harba bindigar fara gudu. Kafin kwanar ƙarshe Azaratu ta wuce Nusrat kamar an aike ta, ba ta ko waiwaya ba. Ran Masta ya ɓaci, amma ya yaƙe haƙora ya je ya taya ta murna, don idon mutane.

"Kin yi ƙoƙari. Kin dai samu barci?"

"Wallahi Masta, Allah ne ya taimake ni," in ji ta, tana haki. "Kwana uku ban runtsa ba, shirun wurin ya yi yawa. Jiya motar wani bawan Allah ta lalace a bayan tagarmu, na yi barci kamar ina gida."