Ƙwai a Murhun Tabawa

Tunda ka ce karatun kula da jama'a za ka yi ta intanet, kuma ba za ka bar aikinka ba, zauna in ba ka misali kafin ka cike takardar.

An yi wata mata mai yankan kati a wani ƙaramin asibiti. Shekara goma sha ɗaya tana bayan taga ɗaya, tana tambayar suna da unguwa, tana miƙo kati. Da 'ya'yanta suka tasa sai ta shiga irin wannan digirin naka. Kuma maganar gaskiya, ta yi ƙoƙari. A cikin adaidaita sahu waya na kunnenta tana sauraron lacca, bayan azahar in layi ya ragu ta buɗe darasi, ranar Asabar kuwa ko bikin wa ake yi sai dai ta aika da gudummawa. Abokan aiki suka laƙaba mata Farfesa, ita ko a jikinta. A shekarar ƙarshe makaranta ta tura ta aikin gwaji wurin wata ƙungiya mai raba hatsi ga tsofaffin da ba su da mai kula da su. Aikinta shi ne ta shiga gida goma ta cike fom a waya. Wanda fom ya nuna yana da buƙata a sa shi cikin rabo, wanda bai nuna ba a tsallake shi. Awa biyu kacal asibiti ke ɗaga mata, don haka ko gaisuwa a tsaye take yi.

Gida na bakwai na wata tsohuwa ne mai suna Tabawa. Mijinta ya rasu, ɗanta tilo ya tafi kudu neman abinci, shekara huɗu babu labari. Tsakar gida a share fes. Tsohuwa ta shimfiɗa tabarma, baƙuwa ta ce a bar ta, sauri take yi. Idonta na kan waya ta ce, "Iya, sau nawa kike cin abinci a rana?" Tabawa ta yi murmushi ta ce, "Alhamdu lillahi, 'yar nan, Allah bai hana mu ba." To fom ba shi da gurbin alhamdu lillahi, ɗaya ne da biyu da uku, sai ta danna uku. Ta tambaya ko akwai mai kula da ita, aka ce yaro yana iya ƙoƙarinsa, ta danna e. Za ta fita ke nan wata kaza ta taso daga cikin murhu tana kyarkyara, har ta hango ƙwai kwance a cikin toka. Abin ya ba ta dariya, ta wuce gida na takwas. Malamin da ke duba aikin daga can nesa ya ba ta maki mafi yawa a ajin, kuma ba laifinsa ba ne, abin da aka tura masa shi ya gani.

Bayan mako uku, da hantsi, wata mata ta zo taga yankan kati. Da aka tambaye ta sunan mara lafiya ta ce Tabawa. Mai kati ta ɗaga kai, sai ga tsohuwar a kan benci an jingine ta da bango, ta rame sai idanu. Likita ya duba ya ce babu ciwon komai, yunwa ce. Matar da ta kawo ta maƙwabciyarta ce. Ta ce rabon da a ga hayaƙi a gidan tun ƙaramar salla, da kokon da take miƙa mata ta katanga take wuni, sai ita maƙwabciyar ta tafi jegon 'yarta ƙauye, babu wanda ya sani. Kazar ma ta maƙwabciyar ce, shi ya sa tsohuwar ko ƙwai ɗaya ba ta taɓa ba. Motar rabo kuwa ta zo makon da ya wuce, ta bi ta ƙofar gidan ta wuce.

Mai kati ta rufe taga ta yi kuka, don kunya ta kama ta ƙwarai. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ba jahilci ne ya ja mata ba. Ita kanta sau nawa aka gaishe ta tana fama da zazzaɓi ta ce lafiya lau? Wace tsohuwa ce mai rufin asiri za ta dubi baƙuwar da ko zama ba ta yi ba ta ce mata da yunwa take kwana? Kuma tun tana yarinya ta san kaza ba ta zuba ƙwai inda ake hura wuta.

Ta rubuta wa malamin ta ce a soke makin, za ta sake aikin. Ta koma gidajen goma ɗaya bayan ɗaya, waya a cikin jaka. Ta zauna a tabarma, ta yi gaisuwa har ta ƙare, ta roƙi ruwa don ta leƙa randa, ta dubi murhu kafin ta buɗe baki. A haka ta gano wasu tsofaffi biyu irin Tabawa. Wannan ya sa 'yan ajinsu suka riga ta gamawa da zango guda. Kafin rabo na gaba ya zo, kwanon tuwon Tabawa daga gidan mai kati yake fita, har ranar da ta shiga lungun ta ga hayaƙi yana tashi ta kan katanga. Kaza dai dole ta nemi wani wurin.

Ka yi karatunka, yana da amfani, mai katin nan ma da shi take aiki yanzu. Amma in ka shiga gidan mutane ka zauna, ka ɗaga ido daga wayar. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska.